Saƙon da Kawu Bai Kai Hamburg Ba

A Nima, unguwarmu a birnin Accra, a shekarun da nake magana a kansu, wanda zai tafi Turai ba ya ɓoyewa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai faɗa wa mutum biyu ko uku, kafin la'asar labari ya kai Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, daga nan sai a fara sallama a ƙofar gidansa. Wannan ta kawo kuka da daddawa, wancan ya kawo wasiƙa, wata ta kawo kaset ɗin da ta zauna gaban rediyo ta yi wa ɗanta magana a ciki, don ba ta iya rubutu ba. Ƙa'idar ɗaya ce, kowa kuma ya san ta. In ba za ka iya ba, ka ce jakarka ta cika, ba wanda zai riƙe ka a zuciya. In kuwa ka sa hannu ka karɓa, to saƙon mutane ake fara kaiwa kafin ka duba abin da ya fitar da kai daga gida.

Autanmu ya tafi Hamburg ta Jamus bayan an koro mutanenmu daga Legas. Ya dawo gida da jaka ɗaya, ya tarar ana yunwa, bai yi wata shida ba ya sake fita. Shekara uku yana can yana wanke kwanuka a bayan wani gidan abinci. Ni ce babba a ɗakinmu, ni ce kuma na yi 'yar makarantar boko, saboda haka ni nake karanta wa mahaifiyarmu wasiƙunsa. Mma muke ce mata.

Wata rana wasiƙa ta zo ba da rubutun hannunsa ba. Abokin ɗakinsa ne ya rubuta, wani ɗan ƙabilar Kotokoli da iyayensa ke Maamobi. Ya ce an kwantar da auta a asibiti da ciwon huhu, ba ya iya cin abincinsu, kullum maganarsa miyar kukar Mma. Ya ce in da hali a aiko masa da muryarta.

A satin nan ne Kawu zai yi tafiyarsa ta farko zuwa Turai. Ƙanin Mma ne, uba ɗaya, a bayanta ya girma. Yana sayar da tsofaffin kayan gyaran mota. Jirginsa zai sauka Amsterdam, ya ce daga nan Hamburg tafiyar yini ɗaya ce a jirgin ƙasa. Mma ta daka kuka da hannunta, ta haɗa daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, busasshen kifi da garin tuwo. Muka aro rediyon maƙwabta. Ta kori kowa daga ɗaki ban da ni, don ni ce mai danna maɓalli. Ta yi magana har gefen kaset ya ƙare, na juya, ta ci gaba. Ba zan rubuta abin da ta faɗa ba. Da ta gama ta cire ɗankwalin kanta, wani kore da ya koɗe, mai ƙunar garwashi a kusurwa ɗaya, ta ɗaure kayan duka a ciki. Ni na ɗauka zuwa gidan Kawu.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Ki ce wa Yaya ta kwantar da hankalinta. Kafin in taɓa ko ƙusa ɗaya ta mota, wannan ya isa hannunsa."

Sati biyu da tafiyarsa aka buga waya gidan wani mai kanti a layinmu, aka ce auta ya rasu, an kuma binne shi a can.

Kawu ya dawo bayan wata guda. Bai sauka ko'ina ba sai ɗakin Mma. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, sannan ya ba ta labari. Ya ce ya riske shi da rai. Asibitin babba ne, a bakin ruwa, ɗakin yana hawa na uku, daga taga ana hangen jiragen ruwa. Ya ce da hannunsa ya tuƙa tuwon ya kaɗa miyar ya kai masa, auta ya ci loma uku. Ya saurari kaset sau biyu, ya ce a gaishe da Mma, a ce ta yafe masa. Ya ce shi ya shiga rami ya karɓi gawar, kabarin yana ƙarƙashin wata bishiya kusa da hanya. Mma ta ɗaga hannu sama ta yi ta sa masa albarka.

A wancan zamanin wanda ya dawo daga Turai yana zuwa da littafin hotuna, kuma ba ya ajiye shi a akwati. Littafin ne ke yawo gida gida, daga hannun maza zuwa hannun mata, kowa ya gani ya yaba. Na Kawu ya iso gidanmu bayan an share makoki. Na zauna a bakin rijiya ina buɗewa. Ga shi da wasu 'yan kasuwa uku na Kumasi da ya haɗu da su a jirgi. Ga su a wani fili tantabaru sun sauka a kafaɗunsu. Ga su a cikin kwalekwale mai rufin gilashi. Ga su a Paris, a gindin dogon ƙarfen nan, kowa da cinyar kaza a hannu. A shafi na kusa da ƙarshe na ga su huɗu sun kewaye tebur, hannuwa cikin kwano ɗaya na tuwo da koriyar miya, suna dariya. A gefen tebur ga ɗankwalin Mma a shimfiɗe, an kwance shi, gwangwanin yajinta a kai. Har ƙunar garwashin ta fito. A ƙasan hoton Kawu ya rubuta Amsterdam da hannunsa.

Na rufe littafin na miƙa wa ta kusa da ni. Na ce wa kaina wataƙila ɗiba suka yi, ya kai sauran. Da wannan na zauna har wata biyu, sai abokin ɗakin auta ya aiko da agogonsa da rigunansa biyu da wasiƙa. Mma ta ce in karanta. Ina cikin karantawa da ƙarfi idona ya riga bakina zuwa layin da ke gaba. Ya rubuta cewa babu wanda ya zo daga gida, kuma har ranar ƙarshe auta yana tambaya ko saƙon Mma ya iso. Su shida suka yi masa salla tare da wani limamin Turkawa. Na tsallake wajen na wuce zuwa gaisuwar ƙarshe. Mma ta ce, "Yaron nan bai ambaci kawunku ba?" Na ce ya ambata, ya ce a gode masa.

Shekara takwas Mma ta yi bayan haka, kuma a kan loma ukun nan ta rayu. Duk wadda ta zo gaishe ta sai ta ji labarin. Duk Babbar Salla cinyar rago mafi kyau ta Kawu ce, ni ake ɗora wa tire in kai. Yakan karɓa ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Nakan ce amin. A Nima kuwa sunansa ya zama na wanda ya san Hamburg kamar yunwar cikinsa, ko da yake duk tafiye-tafiyensa na baya Amsterdam yake tsayawa.

Da Mma ta rasu na jira aka yi arba'in. A lokacin na fara sayar da tsofaffin kekunan ɗinki, maigidana kuma ya yarda in je in zaɓo da kaina, muddin da muharrami. Na rubuta wa abokin ɗakin auta, ya aiko mini da sunan maƙabartar da lambar motar da ke zuwa can da lambar wayarsa. Na naɗe takardar na ɗinke ta a cikin jakata. Sannan na je wajen Kawu da yamma, lokacin da na san yana zaune a benci da dattawan unguwa. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Kawu, tafiya ta kama ni, kuma ba ni da muharramin da ya fi ka. Hamburg nake so."

Ya ce, "Keke ai Amsterdam, 'yata. Hamburg ba su da kaya, sai sanyi."

Na ce, "Kabarin auta nake so in gani kafin ni ma a kai ni nawa. Wa ya san wurin in ba kai ba? Kai ka shiga ramin."

Dattawan suka hau yaba mini. Wani ya ce, "Alhaji, wannan ai ba abin da za a ce a'a ba ne." Kawu ya yi murmushi ya ce Allah ya kai mu.

Mun isa lokacin da ganyaye ke zuba. Muka sauka a wani ƙaramin masauki na Baturke kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, ɗakin Kawu na kallon nawa. Kawu ya yi ƙiba a shekarun nan, gwiwarsa ta dama tana damunsa, kuma mutum ne mai son abinci tun yana saurayi. Titin masaukin cike yake da shagunan Turkawa, naman nan da suke gasawa a jikin ƙarfe mai juyawa yana ƙamshi har cikin ɗaki.

Da safe muna fitowa ya tsaya a ƙofar shago ɗaya ya shaƙi iska. Ya ce, "Halal ne, da gurasa mai zafi. Mu karya tukuna, sannan in nuna miki gari. Akwai wani tafki da agwagin Turawa, akwai gidan gwamnati mai hasumiya. Ba a zuwa Turai a koma ba hoto."

Na ce, "Na yi alwashi, Kawu. Ba zan sa abinci mai zafi na garin nan a baki ba sai na tsaya a ɗakin da auta ya ci loma ukunsa. Ina da garin rogo da sukari da gyaɗa. Amma kai ka ci, ai kai ka riga ka sauke naka nauyin."

Ya dubi naman, ya dube ni, ya ce shi ma ba ya jin yunwa sosai. Muka jiƙa gari a kofin masauki muka sha a tsaye.

Ya shiga gaba ina binsa. Bai san ko kalma ɗaya ta Jamusanci ba. Yana tafe yana duban sama kamar mai tuno wani abu, in ya ga hanya ta gangara sai ya bi, don ya san ruwa a ƙasa yake. Mun wuce tafkin da ya faɗa. An ce yana da kyau. Abin da na gani shi ne bayan babbar rigar Kawu da yadda yake jan ƙafa. Wajen azahar ya tsaya gaban wani farin gini mai tagogi da yawa ya ce, "Kamar nan ne." Wani mutum mai hula da safar hannu yana buɗe wa baƙi ƙofar mota, ana shiga da akwatuna.

Na ce, "Marasa lafiyar garin nan suna da kyawawan akwatuna."

Ya ce, "Shekara takwas, 'yata. Sun canja komai. Turawa ba sa barin gini ya huta."

Na ce, "Haka ne. Ba gaggawa muke ba."

Muka yi ta tafiya har ƙafarsa ta ƙi. Da muka koma masauki ya ce zai je masallacin Turkawa ya yi la'asar. Ya dawo gemunsa yana ƙyalli, yana warin albasa. Na ce, "Masallacin nan mai suke shafa wa masallata?" Ya goge da hannun riga.

Rana ta biyu aka tashi da yayyafi. Ya ce ya yi tunani, daga cikin ruwa zai fi gane tagar, tunda daga tagar yake hangen jirage. Muka gangara tashar jiragen ruwa muka shiga kwalekwalen da ke zagayawa da baƙi. Cike yake da tsofaffin Jamusawa da wasu matasa masu kyamara, suna cin kifi cikin burodi, wani yana ta bayani a lasifika suna dariya. Su gari suka zo gani, kuma sun gan shi. Ni na zauna ina fuskantar Kawu, ban ɗauke ido daga kansa ba. Ya juya dama, ya juya hagu, ya share ruwa daga fuska. Can ya nuna wasu jajayen gine-gine masu tsawo da suka tsaya a cikin ruwa ya ce, "Ga shi can, na tsakiya."

Wata mata da ke kusa da mu tana jin Turanci. Na tambaye ta ko wancan asibiti ne. Ta yi dariya ta ce ɗakunan ajiya ne, na kofi da darduma, tun zamanin kakanninta. Na fassara wa Kawu a hankali, ban rage komai ba, har dariyar na faɗa masa.

Ya ce, "Wai ni kike tuhuma ne?"

Na ce, "Ni wa? Kai ne ka san gari. Ni ƙauyanci ya yi mini yawa, ban wuce shataletalen Circle na Accra ba."

A hanyar komawa ya zauna a kan wani dakali ya tattare wando yana matsa gwiwa. Ta kumbura. Ba zan yi ƙarya ba, ban ji tausayinsa ba. Na tsaya a kansa riƙe da lema, na tabbata ni take rufewa. Ina lissafin kwanakin da auta ya yi yana duban ƙofa, ina ganin kwana biyun nan ba su kai ko'ina ba.

Rana ta uku ya fito da ƙarfinsa. Na ga lokacin da ya ja mai masaukin gefe suna magana da hannu, mutumin ya zana masa wani abu a takarda. Ya ce mini, "Mu bar asibitin nan, wataƙila ma sun rushe shi. Kabarin ne muhimmi. Shi kam ba zan manta ba." Muka shiga jirgin ƙasa, muka sauka a wata maƙabarta da ban taɓa ganin irinta ba. Har motar haya ke yawo a cikinta. Ko'ina bishiyoyi ne, kowane kabari yana ƙarƙashin bishiya, kowanne kuma kusa da hanya. Tun daga ƙofa na duba sunan wurin, na san ba shi ne a takardata ba. Na yi shiru na bi shi.

Mun fi awa biyu muna yawo kafin ya hangi wani yanki mai duwatsu da rubutun Larabci. Ya ƙara sauri. Ya bi layi ɗaya, ya dawo, ya tsaya gaban wani kabari da ganye ya rufe rabin dutsensa. Ya ja numfashi ya ce, "Allahu Akbar. Ga ɗan'uwanki." Ya ɗaga hannuwa ya fara Fatiha, muryarsa tana rawa.

Har zuwa lokacin ina tsammanin zai gaji ya faɗa da kansa. Ban taɓa kawo wa raina zai tsayar da ni a kan kabarin baƙo ya bar ni in zubar da hawayen shekara takwas a wurin ba. Na jira ya shafa. Sannan na durƙusa na share ganyen da hannu. A ƙasan Larabcin akwai rubutun boko.

Na ce, "Kawu, wannan mace ce. Ta mutu tun auta yana makarantar allo."

Na farke ɗinkin jakata na ciro takardar na miƙa masa. Na ce maƙabartar auta tana wani ɓangaren gari dabam. Na ce na ga ɗankwalin Mma a teburin Amsterdam, cikin littafin da shi da kansa ya aiko gidanmu. Na ce ina da wasiƙar wanda ya rufe wa auta ido.

Ya lallaba ya zauna a wani benci. Da ya fara magana muryarsa ta koma irin ta kullum, ba rawa.

"Mutanen nan ne. Sun ce kwana biyu kawai, in huta gajiya. Mai gidan da muka sauka ya ji ƙamshin daddawa, ya ce shekara biyar bai ci kuka ba. Na ce ɗan kaɗan za a ɗiba. Sai suka ce ga mota za ta Paris, wa zai zo har nan bai ga Paris ba? Ban taɓa fita ba, 'yata. Komai sabo ne a idona. Na ce yaro ne, yana da ƙarfi, zai jira. Ranar da na shirya tahowa na buga waya, aka ce jiya aka binne shi."

Na ce, "Kaset ɗin fa?"

"Na bar shi a gidan. Da na koma bayan shekara na tambaya, matar gidan ta ce ta ɗauki waƙa a kai."

Na ce, "Faɗi da bakinka. Ka zo garin nan ko ba ka zo ba?"

"Ban zo ba. Shekaranjiya ce ranata ta farko." Ya ɗago ya dube ni. "To me kike so in ce wa Yaya? In kashe ta? Ta mutu da sanyin zuciya saboda abin da na faɗa mata. Ke ma ai kin sani kin yi shiru. Ke kike kawo mini naman."

Maganar ta same ni, don gaskiya ce. Na ce, "Na yi shiru saboda ita. Kai ka yi magana saboda kanka. Kuma ni ban ci miyar ba."

Ya ce in kai shi kabarin gaskiya ya nemi gafara. Na ce a'a. Ya ce shi kawuna ne, ba a yi wa babba haka. Na ce ya samu wata guda da tikiti a hannu da saƙo a jaka bai je ba, yanzu ba ni zan kai shi ba. Na karɓe takardata. Na mayar da shi masauki don ba zai gane hanya ba, na bar shi a ƙofar shagon naman, na ce ya ci ya ƙoshi.

Washegari abokin auta ya zo ya ɗauke ni. Ya yi furfura, yana tuƙa motar kai kaya. Da shi na ga wani Hamburg ɗin dabam. Ya nuna mini ƙofar baya ta gidan abincin, inda auta yake zama a kan akwatin lemo in an ba su hutu. Ya nuna mini shagon da suke sayen kuɓewa ɗaya ɗaya kamar zinariya, da akwatin wayar da yake tsayawa a ciki ranar Lahadi don ɗumi, ba don yana da wanda zai kira ba. Asibitin yana nesa da ruwa. Ɗakin a ƙasa yake, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Kabarin kuwa a fili yake, ba bishiya, sai ɗan allo da ruwan sama ya cinye rabin rubutunsa. Na zauna a ƙasa mai laima. Na faɗa masa abin da na iya tunawa daga maganar Mma, tunda ni kaɗai na rage da na ji ta. Ban tuna duka ba. Mutumin ya koma mota ya bar ni har na gama. Daga nan ya kai ni gidansa, matarsa ta dafa shinkafa da wake da shito, soyayyen yajinmu na gida, na ci a kicin ɗinsu ina kuka, ba wanda ya ce in daina.

A jirgin dawowa Kawu ya tambaye ni ko zan faɗa a Nima. Na ce ba zan faɗa ba, shi zai faɗa, a bencin da aka yaba masa, kafin Juma'a biyu. In bai yi ba zan kai wasiƙar a karanta a can. Juma'ar farko ta wuce. Ta biyu maigidana ya dawo daga masallaci ya zauna bai cire hula ba, ya ce Alhaji ya yi magana, kuma ba wanda ya ce masa uffan, ɗaya bayan ɗaya suka tashi. Bai sake zama a bencin ba. Kafin shekara ta zagayo ya koma wajen ɗansa a garin Ashaiman, can bayan Accra.

'Yan'uwa sun rabu a kaina. Wasu sun ce na tona asirin gida a kan abin da ba zai dawo da kowa ba. Malamin unguwarmu ya aiko matarsa ta yi mini nasiha, na saurara har ƙarshe, na ba ta ruwa, na raka ta ƙofa.

Da ciwon ajali ya kama Kawu ya aiko a kira ni. Ban je ba. Ya sake aikowa. A karo na uku maigidana ya ce in je ko don idon mutane. Na same shi ya rame, ƙafar an naɗe ta. Ya sa aka fita aka bar mu. Ya ce, "'Yata, ki yafe mini." Na ce haƙƙin ba nawa ba ne, na mutum biyu ne, kuma yana gab da zuwa inda suke. Ya ce, "To naki rabon fa?" Na gyara masa bargo na ce Allah ya ba shi sauƙi. Ya jira, na jira, har ɗansa ya leƙo ya ce motar Accra ta kusa cika.

Ya rasu bayan kwana tara. Na je jana'iza, na zauna cikin mata, na yi masa addu'ar da ake yi wa kowane Musulmi. Nawa rabon har yau yana hannuna. Nakan duba shi wani lokaci bayan salla in ga ko ya yi sauƙin da zan iya sakinsa, sai in tarar yana nan yadda yake.